Dutsen Niƙan Ige

Ranar da aka raba gadon Ige a Gandi,
wani ya ja tunkiya, wata ta kwashi tasoshi,
ni na ce a bar mini dutsen niƙa.
Kawu Buda ya riƙe haɓa yana dariya:
"Ɗiyag ga, boko bai bar ta da wayo ba."

Ni da ɗan kabu-kabu muka ciccibe shi.
Cikinsa ya lotsa kamar tsohon akushi,
bayansa ratsi-ratsi, fari da baƙi,
a lanƙwashe kamar naɗin rawani
da aka tuɓe, ba a warware ba.

Ƙasarmu ba ta haihuwar irinsa.
Namu marmara ne, ja, mai ƙofofi,
da farar ƙasar Kalambaina da wuta ke mai da ita siminti,
da yumɓun Dange mai ɓoye haƙoran kifi,
shaidar teku ya taɓa yada zango nan,
ya tashi bai yi sallama ba.

Shi kuwa baƙo ne. Jaki ya kawo shi
daga gabas, bayan dajin Gundumi,
inda ƙashin bayan duniya ya huda fata ya leƙo.
Nawa aka saye shi? Ige ta sani,
ni ce ban tambaya ba.

A ɗakin bincike Malam Sidi ya jiƙa zarto,
ya gutsuro mini kamar ɓarin goro.
Yini biyu muna gurzawa a kan gilashi
har ya fi ɓawon albasa sirantaka,
har haske ya ratsa shi bai tsaya ba.

Na kafa ido a madubi, na juya faifai.
Shuɗin baba, ruwan ƙwai, jan galura!
Ƙanƙarar dutse ta farfashe ta sake haɗewa,
ƙyalƙyali ya jeru sahu-sahu
duk ya fuskanci gefe guda,
ga wata jar ƙwaya kamar idon zakara
da ta mirgina lokacin da ake matsa,
ratsin ya kewaye ta, yadda turba ke kewaye suri,
bai iya ture ta ba.

Laka ce fa asalinsa, irin ta bakin Rima.
Aka binne ta, zurfin tafiyar yini guda,
ƙasa biyu suka yi karo kamar raguna,
zafi daga ƙasa, nauyi daga sama,
shekara miliyan ɗari shida, in lissafina bai zame ba.
Ta sake kama, ta sake suna,
ta tanƙware kamar kaki,
amma ba ta narke ba.

Farfesa ya cire tabarau ya miƙo mini takardata.
"A ina kika tsinko shi? Wane tsauni, wace kusurwa?"
Na ce, gindin bedi, kusa da murhu.
Ya ce dutsen da ya bar mazauninsa
labari yake bayarwa,
bai zama hujja ba.

Na yarda. Na mai da shi gida.
Da yamma na zuba gero tafi guda,
na durƙusa yadda take durƙusawa.
Kafin a kira magariba hannuna ya yi kanta,
garin ko cikin ludayi bai kai ba.

Nan na shafa lotsin, na tsaya.
Zurfin yatsa huɗu na dutse, ina ya tafi?
Shekara sittin, asuba bayan asuba,
yana bin gari cikin ƙwarya,
yana bin fura, yana bin tuwo.
Ashe mun cinye shi, mu jikoki goma sha bakwai,
har da Kawu Buda mai dariya.
Tsohon tsauni na yawo a jininmu,
Ige ta ba mu da ludayi,
ba ta faɗa mana ba.